Malama Adawiyya Ba Ta Amsa Gaisuwa

Wata uku da buɗe kamfani Hanifa ta gano abin da yake cinye mata jari. Ba ɓarawo ba ne, ba man janareto ba ne. Gaisuwa ce.

Dayo ne ya fara gani. Shi ne abokin aikinta, ɗan wani Bayarabe mai shagon kayan babur a Birnin Kebbi, a nan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi ta wasu Kabawan nuna. Su biyu ne kamfanin gaba ɗaya, su da fanka ɗaya, a wani shago da suka kama haya a unguwar Gesse. Ran nan da hantsi ya juyo mata da kwamfuta. Takardar cajin wata ce daga kamfanin ƙetare, kuma abin da ke rubuce ya ninka abin da suka yi tsammani sau biyar.

"An yi kuskure," in ji Hanifa.

"Ba a yi ba. Zamna ki ji."

Ya danna saƙon murya ɗaya cikin na jiya. Muryar wani dattijo ta cika shagon, a natse, kamar mai magana da surukarsa.

"Salamu alaikum. Malama Adawiyya, an kwan lahiya? Ina gajiya? Ina gida? Ina ɗiya? Ya ruwa? To madalla. Ya haƙuri da mu? Allah shi saka da alheri. Ni na, Dikko, na bakin gulbi, wanda yat tambaye ki batun tsutsa shekaranjiya. To tsutsa ta yi sauƙi, Alhamdu lillahi. Mutanen gida ma suna gaishe ki..."

Sai da ya yi minti biyu da rabi sannan ya zo kan abin da ya kawo shi: ganyen shinkafarsa ya fara yin ruwan ɗorawa, ko taki ne ya yi kaɗan? Tambayar ko daƙiƙa goma ba ta kai ba. Malama Adawiyya kuwa ta bi gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya ta amsa, har da "ruwa sun yi gyara", har da a gaishe da mutanen gida, sannan ta zo kan taki.

Malama Adawiyya ba mutum ba ce. Murya ce a waya, irin abin nan da 'yan jarida ke kira ƙirƙirarriyar basira. Manomi ya aika saƙon murya ya faɗi abin da ke damun shinkafarsa ko albasarsa, kafin ya ajiye fartanya amsa ta dawo masa da Hausar Kabi. Shekara guda Hanifa ta yi tana bin tsofaffin malaman gona daga Ambursa har Argungu, tana ɗaukar abin da suka sani game da fadamar Rima tana ɗura wa na'urar. Amma ƙwaƙwalwar ba tata ba ce, haya take yi. Tana can ƙetare cikin manya-manyan kwamfutocin wani kamfani, kuma kamfanin nan duk daƙiƙar da na'urarsa ta saurara sai ya caja, duk daƙiƙar da ta yi magana sai ya caja, da dala. Shi kuwa manomi naira ɗari biyar yake biya a wata, ya yi ta tambaya iya son ransa.

Ranar da suka yanke wannan farashin, su biyu suka gwada. Dayo ya ɗauki waya ya ce, "Wane taki za ni sa ma shinkahwa?" Daƙiƙa goma. Hanifa ta yi tata, sha biyar. A kan haka suka gina komai. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ita da ta tashi a gidan da ko wuta ka shiga ɗebowa sai ka tambayi lafiyar kowa har da awaki, ita ce ta manta cewa Bakabe ba ya buɗe baki da buƙata. Kuma ita da kanta ta zauna ta koya wa Adawiyya ladabin amsawa, tana jin daɗi, tana cewa ai tata ta fi ta Turawa tarbiyya.

Jarin kuwa albasa ce. Kawu Tamba, yayan mahaifiyarta da ke Argungu, shekara talatin yana sana'a iri guda: ya haƙe albasa da bazara, ya zuba a rudu, rumfar karan nan da iska ke ratsawa, ya naɗe hannu ya jira. Masu gaggawa su sayar lokacin da albasa ta cika kasuwa ba mai kallonta. Shi sai bayan damina, buhu ya ninka uku ko huɗu, sannan ya buɗe. Bana bai jira ba. Hanifa ta je ta kunna masa Adawiyya a zaure, ya ji na'ura ta ce "shinkahwa", ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya kira dillalai ya sayar da rudu huɗu a farashin banza ya miƙa mata. Bai nemi takarda ba. Abu guda ya ce: kafin albasar mutane ta yi tsada abin nan ya fara ci da kansa, kada a riƙa nuna shi da baki a kasuwa. Wato zuwa Oktoba. Ga shi ana tsakiyar Yuli, gaisuwa ta riga ta cinye rudu biyu.

Dabara ta farko, suka hana Adawiyya amsa gaisuwa. In an gaishe ta, ta wuce kai tsaye ga shawara. Sai abin ya ƙara dagulewa. Manomi ya jero gaisuwarsa tsaf, amsa ta dawo masa da "ka ƙara taki rabin buhu", sai ya ɗauka sabis ne ya haɗiye farkon maganar, ya sake ɗaukowa tun daga sallama, da ƙarfi. Wani ya aiko yana tambaya ko rasuwa aka yi mata. Wani ya yi minti huɗu yana ba ta haƙuri in shi ne ya ɓata mata. Cajin satin nan ya fi na kowane sati, suka mayar mata da ladabinta ba shiri.

Akwai wani mai zuba jari a Legas da Dayo ya yi wata biyu yana bibiya. Da ƙyar ya ba su minti goma a waya. Ya yaba, ya ce abin ya burge shi ƙwarai. Sannan ya ce kuɗin duniya yanzu duk sun tafi wurin masu gina manyan kwamfutocin, kuma su kansu masu zuba kuɗin sun fara tambayar yaushe za a ga riba, don haka kowa ya dafe aljihunsa. In sun kai manoma dubu hamsin su sake kiransa. Hanifa ta ajiye waya ta yi tsaki mai tsawo. Dubu da ɗari biyu suke da su, kowane ɗaya kuma hasara ne. Dubu hamsin, ko albasar jihar Kebbi kaf aka sayar ba za ta riƙe su ba.

"Sai ki tahi ki hwaɗa ma manoma gaskiya," in ji Dayo. "Ni in niy yi, za su ce Bayarabe ya zo hana sallama."

Ta shiga mota zuwa Argungu. Kawu Tamba ya tara mata manoma wajen talatin a inuwar mangwaron ƙofar gidansa bayan la'asar. Ta zauna gefen tabarma ta gaishe su, suka gaishe ta, aka tambayi mahaifiyarta, aka tambayi Birni, aka tambayi hanya. Kusan rubu'in awa aka yi a haka, ita da ta zo yaƙi da gaisuwa, kuma ba ta ga ta inda za ta yanke ba.

"Iyayena, roƙo niz zo yi," ta ce daga ƙarshe. "Kun san Malama Adawiyya na'ura ta."

"Mun sani."

"To na'urag ga haya munka yi. Masu ita suna can ƙetare, kuma dut maganad da kunka yi mata aunawa su kai, awa yadda injin ban ruwa ka shan mai. In kunka ce ina gajiya, kuɗɗi. In tac ce ba gajiya, kuɗɗi. Kuma da dala."

Wani dattijo siriri mai farin gemu ya gyara zama, tun kafin ya gama buɗe baki ta gane muryar. Malam Dikko ne na bakin gulbi.

"Ke ɗiyag ga, yanzu ina kwana ma saida ta a kai?"

"Saida ta a kai, Baba."

"Nawa?"

"Gaisuwakka ta ran nan ta hi naira ɗari da hamsin. Kuma kullum ka kan yi."

Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariya. Malam Dikko bai yi ko ɗaya ba.

"To ni ga abin da ban gane ba. Mutum shi zo wurin mai ilmi, shi tsaya mata bisa kai shi ce ba ni? Ko jakina ni kan yi mai magana kahin in aza mai kaya."

"Ba ta jin haushi, Baba. Ba ta da rai."

"Ita ba ta da shi. Ni ina da shi."

Haushi ya cika Hanifa, ba don ya yi ƙarya ba, sai don gaskiyarsa ba ta rage ko sisi a takardar caji. Ta kawo zancen ƙarin kuɗi, a mai da ɗari biyar dubu biyu. Nan take aka hau lissafa mata tsadar taki da ta man fetur, har wani ya miƙe yana kakkaɓe riga. Kawu Tamba, wanda da albasarsa ake ta wannan gaishe-gaishen, shi ya raba gardamar.

"Ku ji. Ni za ni riƙa gaishe ta kullum da sahe a madadin kowa. Gaisuwa guda, cikakka, ba ragi. Ku kuma in kun zo ku wuce ga tambaya, tunda an riga an gaisa."

Aka juya maganar aka ga ta yi. Ai ko wurin zaman makoki mutum ɗaya kan yi magana a madadin ayari. Aka shafa fatiha, Hanifa ta koma Birnin Kebbi da ɗan sanyi a ranta.

Kwana tara yarjejeniyar ta yi. Kwana tara saƙonni na zuwa gajeru, Dayo har ya fara fito a shago. A rana ta goma wani ya aiko: "Malama, na san Tamba ya gaishe ki, amma shi bai san an yi mani haihuwa ba." Da yamma wani ya aiko: "Tamba da sahe yag gaishe ki, yanzu ko marece na. Ina wuni?" Kafin sati ya zagayo kowa ya koma gaisuwarsa, an kuma ƙara mata sabon kai, wato bayanin dalilin da ya sa ta Tamba ba ta wadatar ba.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga kamfanin ƙetare, mai ladabi ƙwarai, cike da murna. Suna farin cikin sanar da abokan hulɗarsu cewa sun fito da sabuwar ƙwaƙwalwa wadda ta fi tsohuwar kaifi, tsohuwar kuma za a rufe ta. Sabon farashi yana ƙasa, da ƙananan haruffa. Hanifa ba ta roƙi kowa kaifi ba. Tsohuwar ta san tsutsa, ta san taki, me ya rage? Amma ba wanda ya tambaye ta, kuma a satin dala ta sake hawa. Ta yi sati biyu tana koya wa sabuwar abin da tsohuwar ta riga ta sani, kowane gwaji da kuɗinsa.

Sannan ta sa wuƙa. Daƙiƙa talatin. Duk abin da manomi ya faɗa bayan haka na'ura ba ta ji, sai ta ce masa, "Lokaci ya cika, a taƙaita tambaya." Dayo ya ce a yi arba'in da biyar, ta ce talatin. Ba ta je Argungu ta yi bayani ba, don ta san in ta je za a sake samo mata wata dabarar mai kwana tara.

Cajin ya faɗi warwas. A ƙarshen Satumba, karo na farko tun da aka buɗe, abin da ya shigo ya biya abin da ya fita. Dayo ya sayo lemo kwalba biyu da tsire. Murnar ba ta kai ko'ina ba. Da aka shiga sabon wata, cikin mutum dubu da ɗari biyu, ɗari uku da 'yan kai ne suka sake biya. Ga haya, ga man janareto, ga kuɗin da kamfanin ƙetare ke cira ko an yi magana ko ba a yi ba.

Dayo ne ya sake kawo labarin. Mutanen ƙauye da ke zuwa sayen kayan babur shagon babansa ya gani suna magana da waya suna murmushi. Ya karɓa ya duba, ya sa abin a tasa wayar ya kawo wa Hanifa.

"Wata sabuwa ta, ta wani babban kamhwani na can. Tana jin Hausa. Kyauta ta, Hanifa. Ki yi ta magana hab batir shi mutu."

"Wa ka biya musu?"

"Ba kowa. Su ma hasara su kai. Amma su masu zuba musu kuɗɗi ba rudu huɗu ag gare su ba."

Ta karɓi wayar ta gwada. Ta gaishe ta, ta amsa da fara'a, da Hausar gidan rediyo. Ta tambaye ta yaushe ake dashen shinkafa a fadamar da gulbi ke shanyewa, ta kawo mata bayani mai tsawo, mai daɗin ji, na shinkafar tudu. Wanda ya bi wannan shawara a bakin Rima, kifi zai noma wa. Hanifa ta ji kamar ta maka wayar da bango, sai ta tuna ba tata ba ce. Shekararta guda cikin rana da laka tana tattara ilmin tsofaffi, ga wata ta zo ba ta san ko hanyar Ambursa ba, ta kwashe mata mutane da "barka da hutawa". Kuma ba yadda za ta yi gasa da mai sayar da kaya kyauta.

Suka duba abin da ya rage. Kwana goma sha ɗaya zai kai su, in an ci gaba da yankewa a daƙiƙa talatin.

Ta kama hanyar Argungu da safe, tana ta shirya magana a zuci. Za ta roƙi Kawu ya sake tara mata mutane, ta nuna musu da misali cewa ta kyautar nan za ta kashe musu gona. In mutum ɗari biyar suka dawo, za a iya kaiwa kaka. Tun daga shiga gari ta fara cin karo da manyan motoci ana loda albasa. Maƙwabcin Kawu ya buɗe rudunsa, dillalai sun kewaye shi suna rarrashi, shi kuwa yana sakace haƙori. Rudun Kawu huɗu suna nan tsaye a bayan gida, kaji na shiga suna fita. Ta kawar da kai.

A bakin zaure ta ji muryarsa yana gaisawa da wani, sai ta tsaya ta jira kamar yadda ya kamata. Ina gajiya, ina gida, ya aka ji da zafi. Muryar mace tana amsawa, tana dariya, tana tambayar ƙafarsa da ya ce tana ciwo jiya. Hausar gidan rediyo ce.

Ta yi sallama ta shiga. Kawu Tamba ya kife wayar a kan buzu da sauri, irin na wanda aka kama yana cin abinci da rana cikin azumi. Suka gaisa. Ita ta gajarta tata, ya lura.

"Kawu, har kai?"

Ya shafa gemu. "Sau ukku ina aika ma taku. Ban kai ga tambaya ba ta kan ce lokaci ya cika. Ni da tsuhwana, Hanihwa. Gaban ɗiyana tac ce mani in taƙaita."

"Wagga ba ta san hwadama ba! Shawarag gonat tudu ta ka ba ku. In kunka bi ta, kun yi hasara."

"Mun sani. Wa ka bin ta? Ran nan tac ce ma Dikko shi yi shuka watan da gonatai ka cikin ruwa har wuya. Mun yi dariya mun gode mata."

"To mi kuka yi da ita?"

"Tana amsawa."

Duk maganar da Hanifa ta shiryo a mota ta watse. Ta yi niyyar ta ce masa da albasarsa ake wannan wasan, ta ce masa ita ma ba da son ranta ta yanke ba, ta ce masa waɗancan ranar da suka gama kashe ƙanana irinta za su sa nasu farashin, ba kuma mai hana su. Duk gaskiya ne, kuma duk ba abin da zai gyara. Sai ta faɗi abin da ya fi wuya.

"Kawu, kuɗɗin sun kusa ƙarewa. Kwana goma sha ɗaya sunka rage."

A waje ana jin 'yan dako suna kirari suna jefa buhu a mota.

"In munka tara mutane su dawo hwa?" ta ce. "Ko ɗari biyat..."

"Ba su dawowa ga wadda ka katse su. In kuma kinka bari su yi magana, ke kic ce hasara ta. Ko ba haka kic ce ba?"

"Haka na."

"To kin gani." Ya ɗaga wayar ya sake ajiyewa. "In kinka ɗebe abin nan mai katsewa, kwana nawa za ta kai?"

"Huɗu. Wataƙila ukku."

"Ɗebe shi."

"Kawu!"

"Kuɗɗina na ko naki? Mutane sun yi wata shidda suna hulɗa da ita. Ta yi ma Dikko maganin tsutsa, ta tsirad da irin albasan Usmanu na bakin hwadama. Ba a rabuwa da mai alheri haka nan awa an yi hwaɗa. Ki buɗe ta, in aika a hwaɗa ma kowa, a yi bankwana yadda ya kamata."

Ta so ta yi gardama. Kwana sha ɗaya lokaci ne, mutum na iya sake kiran na Legas, yana iya buga wata ƙofar. Amma ta dubi dattijon nan da aka gama nuna shi da baki a kasuwa, yana zaune a kan buzu bai tambaye ta ina albasarsa ba, ta ga ba ta da bakin hana shi abin da ya rage. Daga zauren ta kira Dayo. Ya tambaye ta sau biyu ko lafiyarta ƙalau, sannan ya cire.

Ranar Litinin aka buɗe. Waɗanda suka watse duk suka dawo, har da waɗanda ba su biya ba, Kawu ya ce a bar su. Hanifa da Dayo suka zauna a shago suna kallon kuɗin yana sauka kamar ruwa a tulun da ya tsage. Malam Dikko ya yi minti bakwai. Wani ya sa matansa suka gaishe ta bi da bi. Adawiyya ta amsa wa kowa, ta yi godiya, ta yi addu'ar damina mai albarka. Ba wanda ya tambayi taki.

Ranar Laraba kafin azahar kamfanin ƙetare ya aiko da layi guda cewa ajiyarsu ta ƙare. Saƙo sittin da ɗaya suna layi ba a amsa ba. Dayo ya tashi ya ce zai je ya ga mai shago kan maganar haya. Hanifa ta bi sunayen da ido, sai ta ga na Kawu Tamba a can ƙasa. Ashe jira ya yi kowa ya gama, shi mai gayya, sannan ya aiko nasa.

Ta saurara. Minti huɗu ne. Ya yi gaisuwa cikakkiya, ya gode mata a madadin mutanen Argungu, ya ce in akwai abin da suka yi mata ba daidai ba ta yafe, su ma sun yafe katsewar da ta riƙa yi musu, sun san ba laifinta ba ne.

Ba za ta iya barinsa haka ba. Ta ɗauki waya ta danna, ta daidaita murya yadda ta iya, ta bi gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya ta amsa, ta ce ta yafe, ta aika. Ko minti biyu ba a yi ba wayarta ta yi ƙara.

"Hanihwa, na san muryakki. Ke muna tare, ba ke nika ma bankwana ba. Ina Malama?"

"Kuɗɗin sun ƙare, Kawu."

"Dut?"

"Dut."

Ta ji numfashinsa a wayar, da kukan wata babbar mota tana tashi a bayansa.

"Kowa ya samu?"

"Saura mutum sittin. Da kai."

"To," in ji shi. "Kak ki hwaɗa musu ba ta ji ba."